Ɓarawon da Ya Sara wa Kabari

Ihun Malama ne ya tara jama'a a makabartar tsofaffin sojoji tun hantsi bai ɗaga ba. Kafin Mai-sawu ya iso, 'yan unguwa sun cika bakin ƙofa maƙil, kowa da ɓarawonsa a baki.

"Mai gadi ne! Wa ke riƙe da makulli in ba shi ba?"

"Kai dai bari. Yanzu ko matattu ba su tsira ba."

Mai-sawu ya kutsa ta tsakiyarsu da 'yar sandarsa. Dogo ne siriri, ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen bin sawun shanun sata, da girma ya zo ya koma bin na masu fasa shago. Bai yi wa kowa sallama ba sai da ya ja layi a ƙasa daga wannan ginshiƙin ƙofa zuwa wancan.

"Duk wanda ya tsallake wannan, shi ne ɓarawona. Na huta, kun huta."

Aka ja da baya ana gunaguni.

Malama na tsaye a layi na uku na kaburbura, idonta ya yi ja. A gabanta akwai rami mai kusurwa huɗu inda dutsen kabari ya tsaya har jiya. Sauran duwatsun suna nan reras, farare fat, kowanne kamar ɗan'uwansa.

"Baba, ni na aika a kira ka," ta ce. "Kakana ne a nan. Ya tafi yaƙi Innata tana cikin uwarta, bai dawo ba, ba wanda ya san inda aka sa shi. Na yi shekaru ina yawon ofisoshin sojoji da ɗakunan ajiyar tarihi kafin a ba ni lambar kabarin. Da na zo na tarar ba suna a jikin ko ɗaya."

"Ba suna?"

"Fenti ya cinye. Duk shekara sai an shafa musu, wani kan wani."

Wani ƙaton dattijo mai gashin baki ya yi gyaran murya a bayanta. Samanja ne, shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji masu kula da wurin. "Haka aka koya mana. Abin da ke motsi ka sara masa, wanda ba ya motsi ka shafa masa fenti."

Malama ba ta ko dube shi ba. "Na durƙusa da wuƙa da buroshi ina kankarewa, shekaranjiya sunan ya fito. Na kira Inna na gaya mata. Baba, ciwo ya tafi da idonta, ba abin da take gani. Cewa ta yi tana so ta shafa sunan ubanta da hannunta kafin ta bi shi. Tana kan hanya yanzu haka, da la'asar za ta sauka. Me zan ɗora mata hannu a kai? Rami?"

"Wa ya san sunan ya fito?"

"Wa bai sani ba? Har guɗa na yi."

Samanja ya nuna wani tsoho da ke raɓe jikin ɗakin gadi, ya sunkuyar da kai. "Ga wanda zai yi bayani can. Kofur ne mai gadi. Da azahar zan miƙa shi ga 'yan sanda, su suka iya tambaya."

"Ka ba ni zuwa la'asar," in ji Mai-sawu. "Inna za ta taɓa dutsenta yau."

Ya faɗa ne kamar mai faɗin farashin gishiri.

*

An yi ruwa jiya da yamma, ƙasa ta kwanta luf. Mai-sawu ya tsuguna gefen ramin yana duba ƙasa. Ba a fasa komai ba. An haƙe ƙasar gindin dutsen a tsanake, an tara ta gefe ɗaya, ko ɓarɓashi bai zuba kan kabarin ba. Ga sawun baro mai taya guda, tayar tana ɗan karkata hagu duk juyi. Ga kuma sawun takalmi, babban but irin na sojoji.

"Ka gani ko?" Samanja ya ce daga nesa. "But ne. Na Kofur."

"Kai me ke ƙafarka, ranka ya daɗe?"

Samanja ya dubi ƙafarsa, shi ma but ne.

Daga ƙafar kabarin ne Mai-sawu ya ga abin da ya tsayar da shi. Mai but ɗin ya tsaya nan, dugadugai a haɗe, yatsu a buɗe, ya daɗe har sawun ya nutse. Ƙamewa ya yi. Daga nan ya juya baya a tashi ɗaya: dunduniya guda ta murza ƙasa ta bar 'yar da'ira, ɗaya ƙafar ta biyo ta buga. Mai-sawu ya bi murzar da bakin sandarsa, ya ga ta hagu ta zagaya. Ya kifa wani tsohon kwano a kai, ya ce kada kowa ya ɗaga.

Sawun baron ya fita ta wata ɓaraka a katangar baya, ya hau kwalta, ya ɓace.

*

Ɗakin gadin ɗan ƙarami ne, gadon ƙarfe da buta da fitila. Bokiti biyu na tsakiyar ɗaki cike da ruwan rufi.

"Ina kake jiya, Kofur?"

"Ina bakin aikina."

"A kan wannan katifar? Taɓa ta. Kifi ma sai ya yi mura."

Kofur ya share fuska da hularsa. "To, na tafi gida. Rufin nan tun bara nake kai kuka. Na kulle ƙofa na tafi, da asuba na dawo. In Samanja ya ji, ya kore ni. In bai ji ba, ya ce ni ne ɓarawo. Ka ga gaba kura baya sayaki."

"Fito waje ka yi mini fareti."

"Fareti? Mai-sawu, da girmana?"

"Da girmanka za a sa ka a bayan motar 'yan sanda. Ƙame."

Kofur ya ƙame kan danshin ƙasa. Tsufa ya lanƙwasa masa baya, amma ƙafafun ba su manta ba.

"Juya baya."

Ƙwas! Ya juya, ya buga ƙafa. Mai-sawu ya sunkuya ya dubi murzar. Ta dama ta zagaya.

"Sake, amma ta hagu."

Kofur ya dube shi kamar ya zage shi. "Ta hagu? Wane soja ne ke juyawa ta hagu? Ranar farko a horo, in ka yi haka, sai ka kwana da bindiga a sama. Ko cikin barci ka tashe ni ta dama zan juya. Duk soja haka yake, daga kurtu har janar."

Mai-sawu ya miƙe yana murmushi. "Je ka shanya katifarka."

*

Baro mai karkatacciyar taya ba ya ɓuya a unguwa. Tambaya biyu ta kai shi ƙofar gidan Magini, inda wasu matasa suka riga shi, sun kewaye mutumin suna ta hayaniya. An ce an taɓa ganinsa da farin dutse a dandamalin wani gida.

"Tayil ne! Tayil!" Magini na ta rantsuwa, siminti har a gira. "Ni da ko gawar kaza ba na iya kallo, me zan yi da dutsen kabari?"

Mai-sawu ya kore matasan da sanda, ya juya tayar baron da hannu. Ita ce.

"Naka ne?"

"Nawa ne, amma na kowa ne. A waje yake kwana. Mai ɗiban ruwa ya ɗauka, mai tashi daga haya ya ɗauka, ba mai ce mini sannu. Sai dai yau abin ya ba ni tsoro."

"Me ya faru?"

"Wanke shi aka yi! Tas! Tunda na saye shi bai taɓa ganin ruwa ba sai na sama. Na fito na gan shi a jingine yana ƙyalli, har an ɗiga wa tayar mai. Na ce wa matata, yau ko dai aljani ya are shi ko surukina."

"Kana da but?"

Magini ya ɗaga ƙafa. Silifa ce, an ɗaure ta da waya.

Mai-sawu ya bar shi yana tafe yana lissafi. Ɓarawo ya ƙame wa kabari, ya kiyaye kada ƙasa ta zuba masa, ya mayar da kayan aro a wanke. Wannan ba yunwa ce ta fito da shi ba. Kuma ba soja ba ne, ko da yake ya fi wasu sojojin son zama soja.

*

Shagon Tela na fuskantar kwaltar da sawun ya ɓace a kai. Shi ke yi wa tsofaffin sojoji ɗinki: ya rage wando, ya ƙara wa riga ciki, ya mayar da igiyar kafaɗa. Bango cike da hotunan fareti da suka koɗe. Dattijo ne mai faɗin ƙirji, yana ta taka keke bai ɗago ba.

"Sannu da aiki, Tela. Ka ji baro ya wuce jiya?"

"Ruwa ake, rufin kwano gare ni. Ko tanka ce ta wuce ba zan ji ba."

"Haka ne." Mai-sawu ya zauna kan benci ba a ce masa zauna ba, ya ɗaga kai yana kallon hotunan. "Wanne ne kai a ciki?"

Keken ya ɗan yi sanyi. "Ba ni ciki. Na je ɗaukar soja sau uku, suka ce tafin ƙafata shimfiɗe yake. Ubana ne soja. A bariki aka haife ni, yaƙi ya ci shi ina ɗan ƙarami."

"Allah ya ji ƙansa. To ai ɗan bariki rabin soja ne."

Nan fa fuskar Tela ta saki. "Rabi? Kullum da safe ina jikin wayar shinge ina kallonsu. Ba umarnin da ban haddace ba. Su ɗaga ƙafa in ɗaga, su sara in sara. Ba wanda ya koya mini, da ido na ɗauka."

"Kana bayansu kenan kana bi."

"Ina! Wayar tana gabansu. Ido cikin ido muke."

"Ka taɓa yi a gaban su Samanja?"

"In yi su yi mini dariya? Tela da fareti?" Ya koma kan kekensa da ƙarfi. "In ba ɗinki ka kawo ba, ina da aiki."

Mai-sawu ya tashi. "Samanja na neman kowa a makabarta da la'asar. Har da kai."

*

La'asar ta yi, motar haya ta tsaya a bakin ƙofa. Malama ta fito da wata tsohuwa 'yar firit, ta riƙe mata hannu, ta zaunar da ita kan kujera a inuwar ɗakin gadi.

"Auta, ina dutsen?" in ji Inna. "Na ji mutane da yawa. Biki ake?"

"Yanzu, Inna. Ki ɗan huta."

Malama ta dubi Mai-sawu, idonta na roƙo. Ya ɗaga mata hannu.

Ya sa an yayyafa ruwa a wani fili, ya share shi da reshe. Ya jera mutum uku a kai: Kofur a dama, Tela a tsakiya, Magini a hagu yana ta salati. 'Yan unguwa sun hau katanga.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Samanja, "ara mini muryarka. Irin ta da, wadda ke sa kurtu fitsari."

"Wasan yara za ka mayar da ni?"

"Umarni biyu kawai. In ban ba ka ɓarawo ba, ka haɗa da ni ka kai wa 'yan sanda."

Samanja ya gyara gashin baki, ya cika ƙirji. Tsawar da ya daka sai da tsuntsaye suka tashi daga bishiya.

"Fareti! Ƙaaa-me!"

Ƙafa biyu suka buga tare. Magini ya duba dama ya duba hagu, ya haɗe gwiwoyi.

"Baya... juya!"

Kofur ya tafi ta dama. Tela ya tafi ta hagu, tsaf, kai a sama, har ya buga ƙafa ya fi Kofur ƙara. Magini kuwa ya yi ta dabur-dabur kamar akuya a turke, silifarsa ta fice. Katanga ta kwashe da dariya.

Samanja bai yi dariya ba. "Kai Tela! Wa ya koya maka juyawa ta hagu?"

"Ba wanda ya koya masa," in ji Mai-sawu. "Yaro ne a jikin waya yana fuskantar sojoji. Damarsu tana hagunsa, haka ya ɗauka, haka ya girma, ba kofur ɗin da ya taɓa marinsa ya gyara. Ku zo ku gani."

Ya nuna musu murzar Kofur, ya nuna ta Tela. Ya kai su ƙafar kabarin ya ɗaga kwanon. Da'irar na nan, ta hagu, kamar an buga ta da hatimi ɗaya.

"Wanda ya cire dutsen nan sai da ya ƙame ya sara wa mai kabarin, ya juya yadda ya saba. But kuwa, wane tsohon soja ne bai taɓa bar wa Tela tsohon takalmi ba? Kofur, kai ka fita. Laifinka na rufi ne."

Tela bai gudu ba, bai musa ba. Yana nan tsaye inda juyin ya bar shi, bayansa ga jama'a.

"Ubana ne," ya ce.

"Kakana ne!" Malama ta taso. "Sunansa na jiki, na gani da idona!"

"Na sani. Ni ma na gani." Ya juyo, hawaye na bin gemunsa. "Uwata tana jinyar ajali ta ce mini, layi na uku, na farko daga ƙofa, nan ubanka yake. Tun ina saurayi nake zuwa. Ni ke cire masa ciyawa. Da na yi aure nan na zo na faɗa, da aka yi mini haihuwa nan na zo. Kika zo da wuƙarki kika kankare, sai ga sunan wani. Na ce in dutsen ya tafi, kabarin zai zauna nawa. Ban san me na yi tunani ba. Ban fasa shi ba, wallahi ko ƙwarzane babu."

Katanga ta fara kiran a kama shi. Samanja ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Daga ƙofa ta ce?"

"Daga ƙofa."

"Wace ƙofar? Wannan ai da hannuna aka fasa ta, lokacin da aka yi kwalta. Ƙofar da uwarka ta sani tana can gabas, an toshe ta da bulo. Kai tun farko daga wutsiyar layi kake ƙirgawa, sakarai!"

Tela ya waiwaya ya dubi ɗaya ƙarshen layin, inda wani farin dutse ke tsaye cikin ciyawa, fenti ya rufe shi ruf. Ya dafe kai da hannu biyu.

Muryar Inna ce ta taso daga inuwar ɗakin gadi. "Kun gama faretin? Ni dai a kai ni inda dutsen yake. Ban yi wannan doguwar tafiyar don in ji ihun tsofaffi ba."

*

A bayan shagon Tela dutsen yake, kan shimfiɗar bargo, an lulluɓe shi da sabon yadi. Tela ya yaye da kansa ya koma gefe. Malama ta durƙusar da uwarta, ta ɗora mata hannu a kan harafin farko.

Inna ta ture hannun 'yarta. "Na yi makaranta kafin a haife ki."

Ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, leɓenta na motsi. Da ta kai ƙarshe ta koma farko. Mai-sawu ya sunkuyar da kai yana kallon bakin sandarsa, Samanja ya cire hula.

"Ashe haka kake," ta ce wa dutsen. "Sanyi gare ka, Baba."

Ta daɗe tafinta na kai. Can ta ɗago.

"Ina ɓarawon?"

"Ga ni, Hajiya."

"Matso in ji ka." Ta laluba ta kama hannunsa, ta shafa kantar almakashi da ke yatsunsa. "Kai ke cire wa ubana ciyawa duk shekarun nan?"

"Ban san naki ba ne."

"Shi ya sani. Ni da na haifu daga jikinsa ko tsinke ban taɓa ɗauke masa ba." Ta juya inda take jin numfashin Samanja. "Mai babbar murya, ba wanda za a kai wa 'yan sanda. Dutsen ubana ne, na yafe."

"Hajiya, doka..."

"Doka ta hana ka gyara rufin mai gadi? Na ji komai, kunnena ƙalau yake."

Samanja ya mayar da hularsa.

Inna ta dafa kafaɗar Tela ta miƙe. "Kai kuma ɗan'uwana, ɗauko baron nan ka mayar da Baba inda ka same shi. Auta, wuƙarki na jaka?"

"Tana ciki, Inna."

"To gobe ki fara kankare masa nasa. Ba inda za ni sai na ji an karanta masa sunan ubansa."

Mai-sawu ya saɓa sandarsa ya fito. A bakin shago ya ci karo da Magini, ya riga ya turo baron da kansa, yana haki.

"Gaya masa in ya gama ya sake wanke mini," in ji Magini.